Ƙarshen Waƙar Mai Fito

Gurye, tara ga wata na uku a lissafin wata na gargajiya, 1941

Zuwa ga Okbun, 'yar marigayi Dusam,

Gaisuwa daga baffanki Chilbong, in har kina tuna kina da wani baffa a ƙauye. Ina fata kina lafiya. Mu muna nan yadda kika bar mu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, sai dai mun ragu. Matata, Innarki, gwiwa ta hana ta hawan tudu, ni kuma haƙori uku ya rage mini a sama. Sha'ir ya yi kyau bana, ko da yake ba mu za mu ci shi ba, hukuma za ta kwashe.

Yayana Chilsu, malaminki, ya rasu ran sha biyu ga watan jiya. Ban aika ki zo ba, don na san mutanen Seoul ba su da lokacin binne tsofaffin mawaƙa. Shekara arba'in da ɗaya yana tsaye da maficinsa yana waƙa, ina zaune a gefen tabarma ina buga masa ganga. Yanzu gangar tana rataye a bango.

Amma ba rasuwar ce ta sa na niƙa tawada ba. Ran kasuwa na wuce shagon mai magani, na ga mutane sun yi cincirindo a kan garmahonsa. Kafin in ƙarasa na gane muryar. Muryar gidanmu na Tak ba ta ɓuya, ko an cusa ta a akwati. Ke ce, kina rera Waƙar Mai Fito.

Tun kina 'yar shekara tara kin san ƙa'ida. Duk mai pansori, wato waƙar labari irin tamu, in ya iso sashen da wani gwani ya ƙirƙira, tsayawa yake yi, ya rufe maficinsa, ya ce wa jama'a wannan sashe na wane ne, sannan ya shiga. Ba mu da gona, ba mu da dutse a kan kabari. Wannan faɗin sunan shi ne duk abin da mawaƙi ke bari. Na tsaya ina jiran in ji kin ce Tak Yongdal, ubana, wan kakanki. Aka juya faifan, na ce to yanzu. Allura ta kai ƙarshe, ban ji ba.

Mai magani ya dafa ni ya ce, "Tsoho, ka ji yaran Seoul? Ku nan kun ƙare, su suke ƙirƙiro sababbi." Na dawo gida ban sayi gishirin da aka aike ni ba.

Sannan wane ne ya buga miki gangar? Ya yi ta sauri kamar mai korar kaji daga shanya. Inda ubana ya sa tsohon mai fito ya zauna a gefen gawar ɗansa ya yi shiru har mai sauraro ya fara jin nauyin ƙirjinsa, ku kun tsallake wurin da gudu. Abin da ake yi a tsawon dafuwar tukunya biyu kun gama shi kafin a sha ruwa.

Ba na neman komai a wurinki. So nake kawai ki san akwai wanda ya ji.

Baffanki,
Tak Chilbong

Seoul, ashirin ga Afrilu, 1941

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Inna. Na haɗa maganin shafawa na gwiwa da wannan wasiƙa, a ɗumama shi kafin a shafa. Ni lafiya lau nake, sai ɗan tari da hayaƙin gari ke sa ni.

Baffa, ka ba rasuwar malamina layi huɗu, ka ba laifina shafi guda. Fiye da wata guda da binne shi nake ji. Da ka aiko da na zo ko da ƙafa, kai ma ka sani, shi ya sa ba ka aiko ba. Na sa fararen kaya kwana uku a ɗakina, na zuba masa giya ina fuskantar kudu. Ba ka bar mini abin da ya fi wannan ba.

Maganar suna kuma, bari in gaya maka abin da ba a gani daga shagon mai magani. Faifai minti uku da 'yan daƙiƙu yake ɗauka a kowace fuska. Akwai jar fitila a bango, in ta kama ka fara, in ta mutu ka yi shiru ko kana tsakiyar numfashi. Karon farko na rufe mafici na faɗi sunan Kaka Yongdal yadda aka koya mini, lokaci ya ƙare kafin mai fito ya tura jirginsa cikin ruwa. Aka sake, haka. Mutumin kamfani ya leƙo ya ce, "Malama, kin ɓata mana biyu. Ko suna ko kuka, zaɓi ɗaya." Na zaɓi kuka. Na roƙa a rubuta sunan a jikin faifan, suka ce to, ba su rubuta ba. Na yi kuskure ko ban yi ba, abin da ya faru ke nan. Makaɗin da kake zagi kuwa idonsa na kan fitila, ba a kan bakina ba.

Yanzu ga abin da nake so, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Na bar Gurye ina da rabin waƙar. Iyakar sanina inda filafili ya karye a tsakiyar kogi, tsoho da gawar ɗansa cikin jirgi, ruwa na tasowa. Sauran ban taɓa jin sa ba, don kun ce ba a rera wa ɗalibi ƙarshe sai ya mallaki farko, kuma tun kafin a haife ni aka daina yin bukin da ake zama a ji ta gaba ɗaya. Malam ya tafi. Kai kaɗai ka rage a duniya da ke da sauran a kansa.

Ƙungiyarmu ta masu wasa tana so ta sa waƙar a dandamali da kaka. Ka rubuta mini kalmomin ka aiko. A gidan wasa babu jar fitila, zan tsaya a gaban mutum ɗari shida in faɗi sunan ubanka da ƙarfi.

Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma ka rubuta.

'Yarka,
Okbun

Gurye, biyar ga wata na biyar

Okbun,

Mun samu wasiƙarki. Innarki ta shafa maganin, ta ce yana warin kananzir amma ya ɗan taimaka. Hukumar Japan da ke mulkinmu ta aiko an kwashe kwanonin tagulla na gidan nan, har cokulan da muke yi wa kakanni hidima da su. Yanzu a akushi muke ci. In ban da wannan muna lafiya.

A bayan ambulan ɗinki na ga wani suna na mutanen Japan. Na ce wa mai kawo wasiƙu ya yi ɓatan hanya, ban san wannan matar ba. Ashe ba sunan ubana kaɗai ya kasa shiga minti uku ba.

Wai in rubuta in aiko. Haba, Okbun. Shekara takwas kina durƙushe a gaban Chilsu, ya taɓa ba ki takarda? Baki ya buɗe, kika buɗe naki, ya maimaita miki layi ɗaya sau ɗari har makogwaronki ya yi jini ya warke. Takarda za ta gaya miki inda za ki ja numfashi? Za ta gaya miki inda murya za ta tsage da gangan, da inda za ki bar ganga ta yi magana ke ki yi shiru? Ni makaɗi ne, muryata kamar ta tsohuwar ƙofa take, amma in kika zauna a gabana na san yadda zan ja ki da ganga har ki faɗa inda Chilsu yake faɗawa.

Dandamalin naku ma na gan shi. Wata ƙungiya irin taku ta kafa tanti a Namwon bara, surukin maƙwabcinmu ya ja ni. Mutum ɗaya ke yin waƙa a gidan duniya, yadda muka gada, shi ne tsoho, shi ne ɗa, shi ne kogi, maficinsa ya zama filafili ya zama wasiƙa ya zama takobi. Ku kun raba ta wa mutum huɗu, kowa da gemun ƙarya, an zana dutse a jikin zane, an ɓoye makaɗi a bayan labule kamar abin kunya. Babu mai cewa "Haka ne!" ko "Da kyau!" daga cikin jama'a, sun zauna a kujeru baki rufe, sai a ƙarshe su yi ta tafi. To wa zai zama gawar ɗan mai fito a cikinku? Ku nemi mai iya kwanciya.

Ga sharaɗina, ba ni da wani. Ki zo da daminar nan ki yi kwana ɗari. Mu hau dutse, ɗakin da ke kusa da inda ruwa ke zubowa yana nan, rufinsa kawai za a gyara. Innarki za ta riƙa aiko mana da daddawa da sha'ir. In kin sauko da sauran waƙar a cikinki, ki kai ta duk inda kika ga dama.

In kuwa takarda kike so, ki yi hankali. Ranar da raina ya gama ɓaci zan aiko miki ita irin faifanki, ba kai ba gindi, ki ɗanɗana yadda ake ji.

Chilbong

Daejeon, sha huɗu ga Yuli, 1941

Baffa,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta bi ni gari uku kafin ta same ni, shi ya sa amsa ta yi jinkiri, kada ka ƙara wannan a cikin laifuffukana. Ina fata damina ba ta yi muku ɓarna ba. Tarina ya tafi.

Sunan da ka gani a ambulan, in babu shi babu takardar izinin hawa dandamali, babu tikitin jirgin ƙasa, babu rabon shinkafa. Kai da aka kwashe maka cokulan kakanninka kana tsaye kana kallo, ban ji ka ce ka tare ƙofa ba. Kowa da abin da aka ƙwace masa, Baffa. Ni ban rubuto ina yi maka gori ba.

Kwana ɗari! Mu ashirin da uku ne a ƙungiyar nan, izininmu da sunana aka buga shi. In na ɓace wata uku za a soke, mazanmu kuma an san inda ake kai namijin da ba shi da aikin da hukuma ta sani, ramin kwal ne a ƙetaren teku. Kowane wasa sai mun kai rubutunsa ofis an karanta, an ja jar tawada a kan abin da ba a so, an buga hatimi. Ɗan sanda yana zaune a kujerar baya da takardar a hannunsa yana bin bakinmu. An fara cewa mu sa gajeren wasa guda da harshen Japan kafin namu. Waƙar da ba a rubuce take ba, ba za ta hau dandamali ba a ƙasar nan yau. Ba ni na kawo wannan ba.

Kana yi mini maganar gidan duniya. Na tuna gidan duniyar. Na tuna malam yana waƙa a tsakar gidan mai gonaki, aka gama aka ba shi abinci a bakin ƙofa kusa da takalma, yaron gidan ɗan shekara bakwai yana kiran sa "kai" kamar sa'ansa, don mu 'ya'yan masu bori ne. A Seoul ana kira na malama. Kujerun da kake raina wa, talakawa ne a kai, waɗanda a da sai dai su leƙa ta katanga.

Kuma gaya mini gaskiya, wa ya zo koyo a wurinku tun da na tafi? Ko ɗaya? Shekara sha ɗaya kuna zaune ku biyu kuna gadin abu, ɗaya ya mutu da shi a baki, ɗaya yana jira. Ba don ubanka kake riƙe ta ba. Kana riƙe ta ne don ita kaɗai ta rage da za ta sa wani ya durƙusa maka.

Ban janye roƙona ba.

Okbun

Gurye, ashirin da ɗaya ga wata na goma

Okbun,

Muna gaisuwa. An yi sanyi da wuri. Innarki ta rataye kanya a bakin rufi tana bushewa, ta ce in gaya miki rabonki yana nan.

Wata huɗu ban amsa ba, don ban ga abin amsawa ba. Mako biyu da suka wuce na sauko da ganga in shafa mata mai, sandar kiɗa ta suɓuce daga hannuna sau biyu. Ba ta taɓa yi mini haka ba.

Ga abin da kika nema. Ki yi yadda kika ga dama da shi. Har yanzu ina kan bakana, wannan ba waƙa ba ce.

Chilbong

Busan, biyu ga Janairu, 1942

Baffa,

Ina gaishe da Inna. Kai kuwa na san lafiyarka ƙalau, marar lafiya ba ya da ƙarfin yin irin wannan aiki.

Madalla. Ka yi alkawari ka cika. Na buɗe ambulan, na kira dattijon ƙungiyarmu ya zo ya gani, na ce masa baffana ya sauko. Muka warware a gabansa: takarda huɗu, farkonsu babu, ƙarshensu babu, tsakiyarsu an bi layi-layi an yanke da almakashi, har kana iya leƙa mutum ta ciki. Dattijon ya ɗaga ɗaya ya kalle ni ta hujin ya ce, "Malama, baffanki ɗan wasa ne, ki kawo mana shi."

Kada ka ce mini masu tace rubutu na hukuma ne. Shekara nawa ina kai musu takardu? Jar tawada suke ja, su buga hatimi, su sa hannu, don suna alfahari da aikinsu. Wannan yankan gida ne, na mutumin da ya zauna a ɗumin ɗakinsa ya natsu. Har da labarin sanda ta suɓuce, don in ji tausayi kafin in buɗe. Hannun da ya kasa riƙe sanda ya riƙe almakashi sarai.

Na yanke sunan ubanka sau ɗaya, da jar fitila a kaina, kuma har yau abin yana ci na. Kai ka yanka waƙarsa da hannunka don ka ƙona ran 'yar ɗan'uwanka. Ka zauna ka auna wanda ya fi cin amanar Tak Yongdal a cikinmu.

Mun cire waƙar daga shirinmu. Gobe za mu hau jirgin arewa, za mu yi wata uku a can. Ka tafi da ita kabari, tunda shi ne ɗalibin da ka zaɓa. Kada ka sake rubuto mini.

Okbun

Gurye, bakwai ga wata na uku, 1942

Okbun 'yata,

Innarki ce. Ban iya rubutu ba, matar ɗan maƙwabcinmu ce take rubuta mini, na ce ta sa yadda na faɗa kada ta gyara. Ina fata kin dawo daga arewa lafiya. Ni gwiwa ce kawai. Baffanki ne ba lafiya.

Wasiƙarki ta zo tun cikin sanyi. Da aka karanta mini na ce ba zan sake ambatar sunanki ba, na yi wata biyu ina fushi. Yanzu fushin ya gaji, gara ki sani.

Takarda tara ya rubuta miki, ba huɗu ba. Kwana goma sha ɗaya yana kai. Zai rubuta layi, ya buga cinyarsa da hannu, ya yi tsaki, ya yaga, ya sake. Ni na dafa manne na liƙe ambulan, babu almakashin da ya taɓa ta a gidan nan. Almakashina ma tun bazara aka karɓe shi tare da kwanoni.

Kwana shida da aikawa aka zo aka tafi da shi ofishin 'yan sanda. Na bi su. Na gani da idona ta taga, takardunsa biyar a kan tebur, da 'yan yanke-yanken an jera su an danne da dutse. Wai akwai inda mai fito yake zagin baƙin da suka zo suka auna kogin ubansa suka kafa masa sanda, wai su yake nufi, wai saƙo yake aika wa mutanen Seoul. Ya ce musu ubansa ya yi waƙar nan tun kafin kakansu ya san hanyar ƙasar nan. Kin san bakinsa. Aka mare shi. Suka ajiye shi kwana biyu a ɗakin da ba wuta, suka jefa takardun a murhu a gabansa, suka sake shi. Abin da ya sa suka bar huɗu suka wuce zuwa gare ki, ban sani ba. Mai unguwa ya ce ƙila so suke su ga abin da za ki amsa.

Ya dawo da ƙafarsa. Kwana uku bayan nan yana shan ruwan shinkafa sai kwano ya faɗi. Ɓarin damansa ya shanye, hannu da ƙafa, harshe ma ya tafi. Yana ji, yana ganewa, amma abin da ke fitowa daga bakinsa sauti ɗaya ne, "da, da, da". Na ba shi alƙalami a hagu, ya yi zane irin na kaza ya jefar.

Zan gaya miki abin da na yi, ki zage ni in kin so. Da wasiƙarki ta zo na so in ɓoye, ya gan ta, ya yi ta buga ƙasa da hannu sai an karanta. Aka karanta masa duka. Da aka zo wurin kabari ya rufe ido.

Kada ki sa rai da ni a kan waƙar. Sau biyu aka yi ta gaba ɗaya tun da na shigo gidan nan, sau biyun ina madafa da barori, don matar makaɗi ba ta zama cikin baƙi. Layi bakwai na tsinta daga bakinsu a shekara arba'in, ban ma san wanne ke gaba da wanne ba.

Ba shi ya ce in kira ki ba. In na ambace ki bango yake juya wa. Amma ki zo, Okbun. Kanyarki ta yi fari da sukari, na hana kowa taɓawa.

Innarki

A tashar jirgin ƙasa ta Namwon, tara ga Mayu, 1942

Baffa,

Ina gaishe ka. Inna za ta sa a karanta maka wannan. Ina fata ka ci abincin rana, jiya ka ture shi saboda ina ɗakin. Jirgina ya yi latti, na sami benci, zan faɗi abin da na kasa faɗa kwana uku ina durƙushe a gabanka.

Na yi maka ƙazafi. Na ce ka yi abin da ba ka yi ba, na kira maka kabari a lokacin da kake kwance saboda takardar da ni na matsa maka ka rubuta. Na sa goshina a ƙasa na faɗa maka haka ranar da na iso, ba ka kalle ni ba. Ban ga laifinka ba. Wannan zan ɗauke shi har in mutu.

Shekaranjiya da Inna ta sauko da ganga ta riƙe maka ita tsakanin gwiwoyinta, na ɗauka ka yafe. Na tashi, na rufe mafici, na ce wannan sashe na Tak Yongdal ne. Ka buga da tafin hagu, ba sanda, rabin kiɗa ke nan, amma ban taɓa samun wanda ya riƙe ni haka ba tun da na bar gidan nan. Ka hana ni sauri. A wurin shirun ka tsare ni har na ji kamar zan faɗi. Na kai inda filafili ya karye, abin da na sani ya ƙare.

Kai ba ka tsaya ba. Ka ci gaba da bugawa kana kallon bakina, kana barin gurbin murya a buɗe, layi bayan layi, ni ina tsaye da mafici kamar gunki. Na ga leɓenka yana motsi. Na matso har ina jin numfashinka, "da, da, da" kawai. Haka ka buga har ƙarshe, kusan rabin awa. Da na fita da gudu ka ɗauka raini ne, na ji ka jefi ƙofa da kofi. Ba raini ba ne. Bayan tulunan daddawa na je na yi kuka inda ba za ka ji ba.

Ga abin da na taho da shi: takarda huɗu masu huji, layi bakwai na Inna, da bugun hagunka da na haddace iyakar iyawata. Inna tana ce maka zan haɗa su su zama waƙa. Ƙarya take yi maka don tana son ka. Na gwada a raina tun daga Gurye har nan, ba su haɗuwa. Da na zo bara kwana ɗari da yanzu tana cikina. Da ka rubuta tun bazara, kafin 'yan sanda su fara buɗe wasiƙu, da ƙila ta iso. Ni da kai muka yi wata takwas muna ja, su 'yan sanda a ƙarshe kawai suka zo.

Amma abu ɗaya ba zan yafe maka ba, tunda yau ranar gaskiya ce. Da safen nan kafin in fito na yi maka tambaya ɗaya da ba ta bukatar harshe. Na ce, Baffa, tun ina 'yar shekara sha bakwai nake tsaye a tsakiyar kogin nan. Ya kai gaɓa da ɗansa, ko bai kai ba? Ka ɗaga kai ko ka girgiza, shi ke nan. Wuyanka lafiyarsa ƙalau, na ga ka juya shi sau ɗari. Ka kalle ni ido cikin ido, karon farko a kwana uku, hawaye yana gangara maka ta ɓarin da ya mutu. Na jira. Inna ta ce, "Maigida, don girman ubanka." Sai ka juya ka fuskanci bango.

Zan aiko da maganin gwiwa da bargo daga Seoul. In an ba ni izini zan dawo da kaka, in zauna a bakin ƙofa in ba ka son gani na. Ba zan sake tambayar ka ba. Ka riƙe abinka, Baffa, naka ne kai kaɗai yanzu.

'Yarka,
Tak Okbun